John Mikel Obi: Ɗan Jos Mai Riguna Biyu

Ranar 2 ga Yuli, 2005, a birnin Utrecht na ƙasar Holan, Najeriya da Ajantina suka haɗu a wasan ƙarshe na gasar Kofin Duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20. Ajantina ce ta yi nasara da ci 2 da 1. Duka ƙwallayenta biyu Lionel Messi ne ya ci su a bugun fenariti, Chinedu Ogbuke kuma ya ci wa Najeriya tata guda. Da aka zo rabon kyaututtuka, Messi ya karɓi ƙwallon zinare ta gwarzon gasa, Taye Taiwo ya karɓi ta tagulla, ta azurfa kuwa aka miƙa wa wani dogon yaro ɗan shekara 18 mai suna John Mikel Obi. Tun daga wannan rana 'yan Najeriya suka yanke wa yaron hukuncin abin da zai zama: magajin Jay-Jay Okocha, mai lamba goma na gaba. Sauran rayuwarsa ta ƙwallo, shekara goma sha bakwai, ya yi ta ne ana auna shi da wannan hukunci.

An haife shi a Jos ranar 22 ga Afrilu, 1987. Iyayensa Ibo ne mazauna garin, mahaifinsa yana harkar motocin sufuri. Jos gari ne da haƙar kuza ta tara wa mutane daga kowane lungu na Najeriya, kuma ƙwallo ta daɗe da zama yaren da kowa ke ji a can. A makarantar horar da ƙwallo ta Pepsi aka fara lura da shi, daga nan ya shiga Plateau United, sannan aka tafi da shi Finland gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a 2003. Najeriya ba ta wuce zagayen rukuni ba, amma masu farautar 'yan wasa na Turai sun riga sun rubuta sunansa.

Wanda ya kalle shi a gasar Holan ya san dalilin ɗokin. Koci Samson Siasia ya ajiye Sani Kaita, ɗan Kano, a bayansa yana tare hanya yana ƙwato ƙwallo, shi kuma Mikel aka sakar masa mara. Ba mai yawan yanka ba ne irin Okocha, ba kuma mai gudun tsiya ba. Abin da yake da shi shi ne in ƙwallo ta zo ƙafarsa ta zauna. Zai juya wa abokin hamayya baya, ya kare ta da jikinsa, ya ɗaga kai, ya aika ta inda ya ga dama. Da wannan salon Najeriya ta fitar da mai masauki Holan a bugun fenariti 10 da 9, ta lallasa Maroko 3 da 0 a wasan kusa da na ƙarshe.

Lokacin da yake wannan bajinta, rayuwarsa a wajen fili tana cikin ruɗani. Yana ƙungiyar Lyn ta birnin Oslo a ƙasar Norway tare da wasu yaran Najeriya uku, Ogbuke da Ezekiel Bala da Emmanuel Sarki. Mako ɗaya bayan ya cika shekara 18, ranar 29 ga Afrilu, 2005, Manchester United ta sanar da cewa ta saye shi, har aka nuna shi gaban 'yan jarida sanye da jar rigar ƙungiyar mai lamba 21. Nan take Chelsea ta ce ba ta san zancen ba, ai ita ce ta ɗauki nauyin kawo yaron Turai, kuma tana da yarjejeniya da wakilansa. Cikin watan Mayu Mikel ya ɓace daga Oslo. Daraktan Lyn, Morgan Andersen, ya fito yana cewa an sace shi, Carlos Queiroz mataimakin Alex Ferguson ya ɗora wa Chelsea laifi. Kwanaki kaɗan sai ga yaron ya bayyana a Landan tare da wakilinsa John Shittu, yana cewa matsa masa aka yi ya sa hannu ba da sanin wakilansa ba, shi Chelsea yake so.

An shafe fiye da shekara ana wannan tirka-tirka, har magana ta kai gaban FIFA. Sai a watan Yuni na 2006 aka sasanta: Chelsea ta biya fam miliyan 16, United ta karɓi miliyan 12 kan ɗan wasan da bai taɓa buga mata wasa ko ɗaya ba, Lyn ta tashi da miliyan 4. A 2008 wata kotu a Norway ta samu Andersen da laifin zamba game da takardun kwantiragin. Shi Mikel ya ce daga baya mahaifinsa United ya so ya tafi, amma ya zaɓi Chelsea ne saboda ta yi alƙawarin ci gaba da kula da sauran yaran nan uku. Ko mene ne cikakken gaskiyar lamarin, abin tausayi ne a ce yaron da bai daɗe da barin gaban iyayensa ba ya tsinci kansa tsakanin manyan ƙungiyoyi biyu da lauyoyi da dillalai, kowa yana ja. Watannin da ya kamata ya yi yana buga ƙwallo yana goguwa, yawancinsu a zaune ya yi su.

Duk da haka, a tsakiyar rikicin ne ya fara nuna wa manya kansa. A gasar Kofin Afirka ta 2006 a Masar, wasan Najeriya da Zimbabwe ya cije babu ci, sai koci Augustine Eguavoen ya sako shi bayan hutun rabin lokaci. Cikin 'yan mintoci ya bugo ƙwallon da Christian Obodo ya ci, sannan ya ci ta biyu da kansa. Wannan ce gasar ƙarshe ta Okocha, don haka mutane suka ga kamar miƙa sanda aka yi a gabansu.

Chelsea da ya tarar ba ta neman mai lamba goma. Tana da Frank Lampard, tana da Michael Essien, a wannan daminar kuma ta ɗauko Michael Ballack daga Bayern Munich. Gurbi ɗaya ne José Mourinho ya hango zai buɗe nan gaba, wato na Claude Makélélé, wanda shekaru suka fara cim masa. Aikin Makélélé shi ne tsayuwa gaban 'yan baya, datse ƙwallon abokan hamayya, miƙa ta ga na kusa, da komawa mazauni. Nan Mourinho ya dasa Mikel, aka ba shi riga mai lamba 12.

Farkon bai yi daɗi ba. Ya yi ta makara zuwa atisaye har aka ci shi tara, Mourinho ya ajiye shi na wani lokaci. Wasan Firimiya na farko da aka fara da shi, a gidan Reading a watan Oktoba na 2006, jan kati ya samu, ranar da golan Chelsea Petr Čech ya samu mummunan rauni a ka. A wasan ƙarshe na League Cup da Arsenal a Fabrairun 2007 aka sake korarsa bayan hatsaniya da Kolo Touré. Amma kafin kakar ta ƙare ya nutsu, har aka fara da shi a wasan ƙarshe na Kofin FA, na farko da aka buga a sabon filin Wembley, inda Chelsea ta doke United ɗin da ta so ɗaukarsa da ƙwallon Didier Drogba. Da Makélélé ya koma Paris Saint-Germain a 2008, gurbin ya zama nasa.

A nan ne musun ya samo asali, kuma har yau ba a gama shi ba a gidajen kallon ƙwallo da majalisun masu shayi. Ɓangare ɗaya na cewa Mourinho ya kashe wa Najeriya tauraro, ya mayar da mai gina wasa ɗan aike. Hujjarsu a bayyane take: wasa 372 Mikel ya buga wa Chelsea, ƙwallo 6 kacal ya ci. Ƙwallonsa ta farko a gasar Firimiya sai a watan Satumba na 2013 ta zo, a ragar Fulham, shekara bakwai bayan zuwansa. Mutane kan ce ƙwallonsa ba ta san gaba ba, daga gefe sai baya.

Ni ina ganin asarar gaskiya ce, amma ba ta kai yadda ake kambama ta ba. Abin da ya sa Mikel ya yi fice a Holan ba cin ƙwallo ba ne, riƙe ta ne cikin matsi ba tare da fargaba ba. Wannan baiwar ba a ƙwace masa ita ba, wurin aikinta kawai aka sauya. Mai lamba goma a Firimiya ta wancan zamani yana buƙatar saurin ƙafa da saurin juyi, shi kuwa Mikel bai taɓa zama mai sauri ba. Da ya dage sai lamba goma a ƙungiyar da ke da Lampard, da wuya ya yi shekara biyu a Stamford Bridge, gidan Chelsea. A maimakon haka ya yi shekara goma da rabi a ƙungiyar da ta yi suna wajen korar masu horarwa. Mourinho ya tafi, Avram Grant ya zo, sai Luiz Felipe Scolari, Guus Hiddink, Carlo Ancelotti, André Villas-Boas, Roberto Di Matteo, Rafael Benítez, Mourinho ya dawo, Hiddink ya sake dawowa. Kowannensu da irin ƙwallonsa, kowannensu kuma da kuɗin mai ƙungiyar, Roman Abramovich, a hannu da zai iya sayen wanda ya ga dama, amma duk sun sami abin yi da Mikel. Ɗan wasan da ba shi da amfani ba ya tsallake siraɗi sau goma. A kakar 2009 zuwa 2010, da Chelsea ta ci ƙwallo 103 a Firimiya ta haɗa kofin gasar da na FA, Lampard ya ci 22 ne saboda ya san in ya kutsa gaba akwai mai gadin gida a bayansa.

Wanda ke son ganin darajar wannan aiki ya nemi wasanni biyu na 2012. Na farko a Camp Nou, wasan kusa da na ƙarshe na Gasar Zakarun Turai. An kori John Terry tun kafin hutu, Barcelona ta Pep Guardiola tana gaba da ci 2, Chelsea da mutum goma ta koma bakin ragarta tana tarewa, aka tashi 2 da 2 ta wuce. Na biyu ranar 19 ga Mayu a Munich, wasan ƙarshe da Bayern a filinta, gaban magoya bayanta. Chelsea ta shiga babu Terry, babu Branislav Ivanović, babu Ramires, babu Raul Meireles, duk an dakatar da su. Mikel da Lampard aka bar wa tsakiya su fuskanci Bastian Schweinsteiger da Toni Kroos da Thomas Müller. Minti 120 Mikel ya yi yana toshe ƙofa, yana tare ƙwallo da jiki, in ta zo masa kuma ya riƙe ta na 'yan daƙiƙu don abokansa su yi numfashi. Duniya ta tuna da ƙwallon da Drogba ya farke da ka a minti na 88, da fenaritin Arjen Robben da Čech ya tare, da fenaritin ƙarshe na Drogba da ya ba Chelsea kofin. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka san ƙwallo sun ce wannan ne wasa mafi kyau da Mikel ya taɓa bugawa. Ba shi da wani hoto na musamman daga daren, domin aikinsa shi ne hana abin da za a ɗauki hotonsa faruwa.

Watanni tara kafin Munich, jarrabawa ta same shi daga gida. Ranar 12 ga Agusta, 2011, aka sace mahaifinsa a Jos. Kwana biyu bayan haka Chelsea na da wasan buɗe kaka a gidan Stoke City, Mikel ya ce zai buga, ya kuma buga. Ya fito a talabijin yana roƙon waɗanda suka kama dattijon su sako shi. Bayan kwana goma 'yan sanda suka kuɓutar da shi a Kano.

A rigar Najeriya kuwa, lamba goma ya sa, kuma nauyinta ya daɗe yana danne shi. Mutumin da ya shafe wata tara yana wasan gadi a Landan, sai a kira shi kwana huɗu kafin wasa a ce ya zama Okocha. In bai yi ba a ce ba ya kishin ƙasa, Chelsea kawai yake yi wa wasa da zuciya ɗaya. A 2008 Ghana ta fitar da Najeriya a wasan dab da na kusa da ƙarshe, a 2010 aka yi na uku a Angola, rauni ya hana shi zuwa Kofin Duniya na Afirka ta Kudu, a 2012 kuwa ko gurbin zuwa gasar Afirka ba a samu ba.

Koci Stephen Keshi ne ya gano bakin zaren. A gasar Kofin Afirka ta 2013 bai ce Mikel ya zama Okocha ba, bai kuma ce ya zama Makélélé ba. Ya ajiye masa matashi Ogenyi Onazi, shi ma tashin Jos, yana gudu yana ƙwato ƙwallo, Mikel kuma ya tsaya tsakiya yana tsara tafiyar wasa, ya san lokacin da za a hanzarta da lokacin da za a lafa. Tawagar ta fara da tangal-tangal: kunnen doki da Burkina Faso, kunnen doki da Zambiya inda Mikel ya ɓarar da fenariti, sannan nasara kan Habasha. Da aka haɗa ta da Kwaddibuwa a Rustenburg, 'yan Najeriya da yawa sun riga sun sallama, ganin su Drogba da Yaya Touré da Gervinho. A ranar Mikel ya mallaki tsakiyar fili gaban Yaya Touré, Emmanuel Emenike da Sunday Mba suka ci, aka tashi 2 da 1. Aka yi wa Mali 4 da 1 a Durban. Ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg, ƙwallon Mba ɗaya tilo a ragar Burkina Faso ta kawo wa Najeriya kofinta na uku, na farko tun 1994. A watan Yuni, a gasar Kofin Nahiyoyi a Brazil, ya yanke kyaftin ɗin Uruguay Diego Lugano ya zura ƙwallo mai kyau, kamar yana tuna wa mutane cewa yaron 2005 yana nan. A zaɓen gwarzon Afirka na wannan shekara ya zo na biyu, bayan Yaya Touré. A Kofin Duniya na 2014 Najeriya ta kai zagaye na biyu, Faransa ta fitar da ita da ci 2 da 0.

Abin da ya rufe bakin masu cewa ba ya kishin ƙasa ya faru ne a 2016. A farkon shekarar aka ba shi kyaftin, Ahmed Musa, wani ɗan Jos ɗin, ya miƙa masa kambun. Sabon koci Antonio Conte ya zo Chelsea, an sayo N'Golo Kanté, ga Nemanja Matić, kowa ya san ɗan wasan da ya bar atisayen share fage a irin wannan lokaci ya sa gurbinsa a caca. Mikel ya zaɓi bin tsohon kocinsa Siasia zuwa gasar Olamfik ta Rio. Tawagar ta maƙale a Atlanta ta Amurka saboda matsalar kuɗi da jirgi, har kyaftin ɗin ya riƙa sa hannu a aljihunsa don biyan wasu buƙatu. Sun sauka Manaus 'yan sa'o'i kafin wasansu da Japan, suka shiga fili suka ci 5 da 4, Oghenekaro Etebo ya zura huɗu. Mikel ya ci Denmark a wasan dab da na kusa da ƙarshe, Jamus ta tare su a na gaba, sannan suka doke Honduras 3 da 2 da ƙwallaye biyu na Sadiq Umar da ɗaya na Aminu Umar. Wannan tagulla ita ce lamba ɗaya tak da Najeriya ta samo daga Rio a dukkan wasanni. Da ya koma Landan, Conte bai sake sa shi a wasa ko ɗaya ba. A Janairun 2017 ya tafi Tianjin TEDA ta ƙasar Sin.

Daga can ya ci gaba da jagorantar Super Eagles ƙarƙashin Gernot Rohr. Rukunin neman gurbin Kofin Duniya na 2018 mai zafi ne, ga Aljeriya, ga Zambiya, ga Kamaru mai riƙe da kofin Afirka. A Uyo ya ci Aljeriya a wasan 3 da 1, ya ci Kamaru a wasan 4 da 0, Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta samu tikitin Rasha. A can ma tsohon musun ya biyo shi. Rohr ya sa shi a lamba goma a wasan Croatia, aka sha kashi 2 da 0, shi kansa bai taɓuka ba. Da aka dawo da shi baya kusa da Wilfred Ndidi a wasan Iceland, tawagar ta daidaita, Ahmed Musa ya ci biyu.

Sai ranar 26 ga Yuni a Saint Petersburg, wasan da zai raba gardama da Ajantina. Kimanin sa'o'i huɗu kafin a take leda, aka kira Mikel a waya aka shaida masa an sake sace mahaifinsa, wannan karon a hanyar Makurdi zuwa Enugu, yana kan hanyar zuwa jana'iza. Masu garkuwar suka ce in ya gaya wa hukuma za su harbe dattijon. Bai gaya wa Rohr ba, bai gaya wa abokan wasansa ba. Ya ɗaura kambun kyaftin ya jagoranci tawagar zuwa fili, ya buga minti 90. Messi ya ci, Victor Moses ya farke da fenariti, saura minti huɗu a tashi Marcos Rojo ya zura wadda ta kori Najeriya. Sai bayan 'yan sanda sun kuɓutar da mahaifin a farkon Yuli duniya ta ji abin da ya faru. Na daɗe ina tunanin waɗannan mintoci 90. Natsuwar da masu suka suka shekara suna kira sanyin jiki, ita ce ta riƙe shi tsaye a ranar. Kuma abin takaici ne ƙwarai a ce mutumin da ke ɗauke da tutar ƙasa a idon duniya, ƙasar ta kasa tsare masa mahaifi har sau biyu.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Ya koma Ingila ya yi rabin kaka a Middlesbrough. Ya je gasar Kofin Afirka ta 2019 a Masar, inda ya fara shekara goma sha uku baya, amma ƙafa ta riga ta yi nauyi, wasa biyu ya buga, Najeriya ta yi na uku. A watan Yuli ya ajiye rigar ƙasa bayan wasanni kusan 90, kambun ya koma hannun Ahmed Musa. A Trabzonspor ta Turkiyya ya sha zagin wariyar launin fata a intanet bayan wasa da Fenerbahçe, har ya zubar da hawaye gaban 'yan jarida. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta ɓarke kuma hukumomin ƙwallon Turkiyya suka ce a ci gaba da wasa, ya fito fili ya ce shi ba zai buga ba, rai ya fi ƙwallo. Cikin kwanaki aka raba gari da ƙungiyar, jim kaɗan kuma aka dakatar da gasar baki ɗaya. Ya yi kaka ɗaya a Stoke City, ya yi 'yan watanni a Kuwait, sannan ranar 27 ga Satumba, 2022, yana da shekara 35, ya sanar da cewa ya rataye takalmi. A 2023 ya buɗe shirin hira a intanet mai suna The Obi One Podcast, inda yake gayyatar tsofaffin abokan wasa da masu horarwa, ciki har da John Terry da Mourinho, yana kuma yawan jan hankalin yaran da iyayensu 'yan Afirka ne amma aka haife su a Turai da su zaɓi buga wa ƙasashen iyayensu tun suna kan ganiyarsu.